Faifai 11 da Rabi: Ta'aziyyar Ƙawata ta Mai Wurno

 Na san akwai masu jiran ƙarashen maganar riɗin Gadarif, musamman Alhazan da suka aiko suna tambayar inda kuɗin lori ya kai bana. Ku yi mini uzuri, riɗi zai jira. Rasuwa aka yi mini. Ƙawata, aminiyata tun muna ɗaukar allo, Allah ya yi mata cikawa a Mai Wurno, shekaranjiya kuma aka yi sadakar kwana 40.

Ba zan kama sunanta ba. Mijinta na nan, 'ya'yanta na nan, ita kuma da ranta ma ba ta son a ɗaga ta cikin taro. A kasuwar Sinnar "mai faifai" ake ce mata. Ni kuwa "ƙawa" nake ce mata, ita ma haka take ce mini, har jikokinmu suka tashi suna zaton sunanmu ke nan mu biyu. Amma da yawa daga cikinku kun san ta ba ku sani ba. Idan kin taɓa sayen faifai mai tsini kamar malafa a hannun matan Sudan a Jidda ko a Makka, ja da baƙi, da dagi a zagaye, kika kawo shi tsaraba Kano ko Maraɗi ko Kumasi, to juya bayansa ki duba. In kin ga bayan ya yi sumul kamar gaban, babu tsinken kaba ko ɗaya da ya leƙo, babu inda za ki ce nan aka yi ƙari, akwai alamar hannunta ne ya rufe miki tuwo shekara da shekaru.

Ga waɗanda ba su san garinmu ba, Mai Wurno tana kudu da Sinnar, a bakin Shuɗin Nilu, wanda mu dai "bahar" kawai muke ce masa. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, har suka yada zango a nan, garin ya ci sunansa. Daga baya wasu suka yi ta biyo sawu, Fulani da Hausawa da Barebari, yawanci da niyyar hajji: a ratsa Borno da Wadai, a shigo ta Jinaina, a bi Fashir da Ubayyid, a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, sannan a nufi Sawakin a hau jirgin ruwa. Wasu sun isa, wasu tafiyar ta tsaya musu a nan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai ga aiki ya samu, kakanninmu suka bazu cikin gonaki suna tsinkar auduga, suna zaune a 'yan ƙauyukan leburori da ake kira kambo, can gefen garuruwan masu hawasha, wato masu gonar da hukuma ta yanka wa. Kakar ƙawata tana cikin waɗanda suka zo a ƙafa tana yarinya. Abin da ta iso da shi daga ƙasar Katsina, in ji su, irin karan dafi ne ƙulle a bakin zane. Dangin suna shuka shi a bayan gida har yau, layi biyu ko uku, ba don ci ba, don rini.

A hannun wannan kaka ƙawata ta koyi saƙa. Mu duka an koya mana, ai ba 'yar da za ta tashi a gidajenmu ba a damƙa mata basilla da kaba ba. Ni na yi faifai uku a rayuwata, na ukun ya fito kamar kunnen jaki, Inna ta ce in je in yi talla ya fi mini. Ita kuwa tun tana 'yar shekara 12 manyan mata ke aiko mata da nasu ta ɗora musu baki.

Bari in tsaya a kan aikin nan, don masu sayarwa da yawa ba su san abin da suke sayarwa ba. Kabar goruba ake yankowa tana ɗanya, a shanya a inuwa, don in rana ta buge ta sai ta yi ta karyewa. A tsaga ta siri-siri, a rina wadda za a rina, a jiƙa kafin a fara. Sannan a ɗauki damin ciyawa ɗan siriri a riƙa naɗe shi da kabar, ana huda layin baya da basilla ana ɗaurewa, ana zagayawa daga cibiya zuwa baki. Babu zane a takarda, babu awo. Adon yana cikin ƙirga: naɗi nawa ja, naɗi nawa fari, kuma kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi, saboda haka lissafin yana canjawa a kowane layi. In kin yi kuskuren naɗi biyu a layi na goma, ba za ki gani ba sai a layi na ashirin, lokacin da dagin ya karkace. Ƙawata ba ta wuce aji huɗu a makarantar boko ba, amma tana hira da ke, tana tsawata wa yaro, tana leƙa tukunya, ƙirgan nan bai taɓa kuɓuce mata ba.

Faifanmu na gida shimfiɗaɗɗe ne, na rufe ƙwarya da bakace. Na mutanen Sudan, wanda suke kira tabak, mai tsini ne, don ya rufe babban tiren da ake jera kwanukan miya da kisra a kai. Ita ce na fara gani ta haɗa su: jikin tabak, adon Hausa. Ta ɗora dagi a jikin abu mai tsini, wanda duk mai saƙa za ta gaya miki wahala ce, domin adon da aka saba yi a shimfiɗe yana miƙewa in ya hau gangare. Ta yi kusan shekara tana warwarewa kafin ya zauna. Daga nan kuma sai ta shiga ƙirƙiro nata. Akwai wanda take kira "abu ishirin", sunan ƙaramar hanyar ruwan da ke ratsa gonakin Jazira: layi baƙi miƙaƙƙe, da 'yan rassa suna fita daga jikinsa kamar yadda abu sitta ke ɗaukar ruwa zuwa cikin hawasha, da ɗigon fari a tsakani, audugar ke nan. Ta yi shi ne bayan wata kaka da muka je tsinka wajen Hasahisa muna 'yan mata. Ni abin da na dawo da shi daga can kaikayin hannu ne da ciwon baya. Akwai "komar masunta", akwai "sawun tantabara", akwai wani da ta ƙi sa wa suna, ta ce duk wadda ta saya ta raɗa masa.

Rini kuwa ba ta yarda da na kanti ba sai dole. Ja daga karan dafin kakarta, rawaya daga gangamau, baƙi daga wani haɗi da take yi da tsohon ƙarfe da bagaruwa. Na kanti ya fi ƙyalli ranar farko, ta ce, amma tururin miya uku ya ishe shi. Na sha yi mata gardama a kan wannan, domin kasuwa ƙyalli take so, kuma kore da shuɗi mai haske su ne ke tafiya a Jidda. Wani lokaci takan yi mini biyu ko uku don ta rufe bakina, tana miƙo mini tana cewa, "Ga na 'yan gayunki nan, ƙawa, kada ki ce ni na yi."

Ba saƙa kaɗai ba. In ana biki a unguwa, ita ake jira ta zo kafin a ɗauki dalluka, gangar yumɓun nan ta matan Sudan. Ba mawaƙiya ba ce ta kuɗi, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, mijinta ma ba zai yarda ba. Amma cikin mata, a tsakar gida, takan ƙaga waƙa nan take, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda muke magana, ta sa sunan amarya da na kakanninta da garin da suka fito, ta yi wa uwar miji zambo mai daɗi har ita uwar mijin ta tashi ta taka. Ta san asalin kowane gida a unguwarmu: waɗannan daga Haɗeja, waɗancan daga Gobir, waɗancan mutanen Damagaram ne da suka fara zama a Kassala. Yara da yawa a bakinta suka fara jin sunan garin kakansu. Ba a naɗi ko ɗaya ba, don da ta ga an ɗaga waya sai ta yi shiru.

Tana son Aisha al-Fallatiya ƙwarai. Matasa ba lallai ku san ta ba: 'yar mutanenmu ce, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka zo, an haife ta a Kassala, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942, lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi hakan, ta rasu a 1974. In aka sako ta a rediyo ƙawata takan ajiye basilla. Ta taɓa ce mini, "Kin ga wannan, da sunan da ake zaginmu da shi ta yi suna." Gaskiya ne kuwa. Fallata da Takari kalmomi ne da muka tashi muna jin ana jefa mana a makaranta da cikin mota, ga shi duk Sudan ba mai kiran matar nan sai da shi, cikin girmamawa.

To a nan ne nake so 'yan uwana 'yan kasuwa su buɗe kunne, domin maganar ta shafe mu. Shekara 20 da wani abu ni ce nake fitar da kayanta. Tana saƙa, ina ɗauka in kai Wad Madani da Gadarif, in ba masu tafiya umara su wuce da shi. Akwai wani ɗan kasuwa, ba zan faɗi ko wane ne ba, da yake saye da yawa a hannuna. Wata shekara wata 'yar uwa ta dawo daga Jidda ta ce ta ga faifan ƙawata a shagon da yake kai wa, an ce mata aikin Darfur ne, kuɗinsa kuma ya ninka abin da yake ba mu har sau biyar. Ninkin bai dame ni ba sosai, kowa ya san kuɗin jirgi da na kwastan da hayar shago. Sunan ne ya tsaya mini a wuya. Matan Darfur gwanaye ne, tabak ɗinsu ya yi suna da haƙƙinsa, ba su buƙatar a ara musu aikin wata. Da na tare shi, sai ya ce, "Hajiya, wa zai sayi abu in an ce na Hausawan kambo ne?" Na daina sayar masa daga ranar. Da na gaya wa ƙawata, dariya ta yi ta ce ai faifai ba ya jin sunansa, tuwo dai zai rufe. Ita ta yafe. Ni kam har yau ban huce ba, kuma ina ganin muna yin irin wannan da yawa: hular da matan Mai Wurno suka ɗinka, turaren wuta da humrar da matanmu suka haɗa, man gyaɗar da suka matsa, duk sai mu laƙaba musu sunan wani wuri don su yi daraja. Agashe da godogodo ma da duk Sudan ke ci, yaran birni nawa ne suka san daga tukunyar wa suka fito?

Aure ya kai ta kudu, wajen Rusairis, inda mijinta yake su da noman rani a bakin ruwa. Ta yi shekaru a can lafiya da maƙwabta, tana sayen kaba a hannunsu, tana koya wa 'ya'yansu saƙa. Sai rikicin watan Yulin 2022 ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan maganar ƙasa da neman sarautar gargajiya. Kun ji labarin, wasunku ma kun fita zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum. An rasa rayuka fiye da 100 a wannan watan, a Oktoba kuma aka rasa fiye da haka a Wad al-Mahi. Ta fito da 'ya'yanta a bayan lori da kayan jikinsu. Wata maƙwabciyarta, wadda ba Bahausa ba ce, ita ta ɓoye su dare ɗaya a ɗakin girkinta, kuma ita ta aiko mata da basillarta da ƙullin rini bayan wata biyu. Ƙawata ba ta yarda a zagi ƙabilar matar nan a gabanta ba har ta koma ga Allah. In an fara, sai ta ce, "Ku ware mini mutum ɗaya tukuna."

Suka zauna wajen dangin miji kusa da Wad Madani. Ba su gama shan ruwa ba yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta cika da 'yan gudun hijira, a Disamba kuma dakarun Da'am Sari suka shiga garin. Gudu na biyu ke nan cikin wata 18. Wannan karon gida ta nufa, Mai Wurno, ɗakin da aka haife ta. Ni kuma na yi gabas, Gadarif, inda nake har yanzu. A Fabrairun 2024 aka katse layukan waya, muka yi makonni ban san ko tana raye ba. Daga baya aka kama Jabal Moya da Sinja, hanyoyin shiga Sinnar suka toshe, kaya suka yi wuya, magani ya fi komai wuya. Tana da ciwon suga tun haihuwarta ta ƙarshe. Allurar da take yi tana son sanyi, ga babu wuta, ga babu allurar ma. Takan sa kwalbar a cikin randa in an samu. In ba a samu ba sai ta rage ci ta ce azumi take. Ina tura abin da ya sawwaƙa ta Bankak zuwa wayar ɗan yayanta, amma kuɗi ba ya zama magani in babu shi a gari. Da sojoji suka karɓe Sinja a ƙarshen 2024 da Madani a Janairun 2025, hanya ta buɗe, magani ya dawo, sai dai idonta ya riga ya tafi rabi, ƙafa kuma ta yi rauni.

Abin da ban iya mantawa shi ne ba ta daina saƙa ba. Da ido ya dushe sai ta koma yi da yatsa. Ta sa ƙaramar 'yarta ta jera mata kaba, ja a dama, baƙi a hagu, fari a cinya, ƙirga kuma dama yana kanta. Na ƙarshen da ta aiko mini sun fi na da kauri kaɗan, amma bayansu sumul yake kamar kullum. Muryarta ta ƙarshe da ke cikin wayata ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma rabinta faɗa ne a kan na aiko mata da kaba mai gautsi.

Na isa Mai Wurno kwana biyu bayan an kai ta. Bayan addu'ar bakwai mijinta ya kira ni, da babban ɗanta, da ƙaninta, ya ce, "Hajiya, ke kika san harkarta, zo ki warware mana." Aka fito da akwatinta. A ciki akwai faifai 11 gamammu, da ɗaya da ta kai rabi, basilla tana soke a jikinsa. Akwai gwangwanin madara cike da kuɗi. Akwai kuma littafin makaranta na 'yarta, wanda take sa yarinyar ta rubuta mata wa ya ba da nawa, me ya ce a yi masa. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, don ba don littafin ba da an yi rigima.

Ga yadda lissafin ya kasance, na kuma kawo shi ne don kowannenmu yana da irin wannan hulɗar da wata mai aikin hannu. Cikin 11 ɗin, 7 na mutane ne da suka riga suka ba da kafin alƙalami, wasu ma sun biya duka. Waɗannan ba gado ba ne, amana ce, sai a kai wa masu su, a karɓi cikon kuɗin a zuba cikin dukiyarta. Akwai mata 3 da suka biya ba a fara nasu ba, wannan bashi ne a kanta. Malamin unguwa da aka kira ya maimaita abin da muka sani muke mantawa: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage. Sai aka buɗe gwangwani. Rabin kuɗin tsofaffin takardun 500 da 1,000 ne, irin waɗanda aka canja a ƙarshen 2024. Canjin ta banki aka yi shi, ita kuma ba ta taɓa buɗe asusu ba, tana kwance lokacin, ba ta gaya wa kowa akwai kuɗi a akwati ba don na mutane ne, tana tsoron a taɓa. Ga amana an riƙe ta da kyau, ga ta kuma ta zama takarda. Babban ɗan ya sunkuyar da kai ya ce shi zai biya matan nan uku daga kuɗin kifinsa. Ni ma akwai cikon kuɗin kaya biyu da ke hannuna, na ajiye musu a gaban malam, aka rubuta.

Don Allah, Alhazai da Hajiyoyi, duk mai karɓar kaya a hannun mata masu saƙa ko ɗinki ko haɗa turare, ya riƙe littafi, ya kuma sa ita ma a rubuta mata nata. Mu mun saba cewa ai tsakaninmu amana ce, ba sai an rubuta ba. Amanar tana nan, amma in ɗaya ya faɗi, magada ba su san abin da ke cikin kan mamaci ba, kuma marayu ne ke cutuwa. Wanda yake da uwa ko yaya a ƙauye da ke ajiya a gwangwani, ya tambaye ta yau.

Saura faifai 4 da rabi. A nan aka ɗan ja. Ƙaninta ya ce a ba ni in sayar gaba ɗaya a raba kuɗin, gida na bukata, kuma gaskiyarsa ne, buhun dawa ba ya jiran kowa. Na ce zan saya da kaina a farashin Jidda, ba na Sinnar ba, amma da sharaɗi ba za su bar gidan ba. Ya ce, "Yaya, wannan wane irin ciniki ne, ki biya ki bar kaya?" Na ce masa cikin huɗun nan akwai "abu ishirin", akwai "komar masunta", akwai marar sunan nan, kuma babu takarda ko hoto da ke ɗauke da ƙirgansu. In suka tafi Jidda suka rufe shinkafar wani, shi ke nan, an binne su tare da ita. Mai saƙa tana iya zama da faifai a cinya ta ƙirga naɗinsa layi-layi ta fitar da adon, amma sai faifan yana nan. Mijin ne ya raba gardamar. Mutum ne marar yawan magana, shekara 30 ina ganinsa ban taɓa jin ya yabi aikinta a gaban mutane ba. Ya ce, "A bar su. Ni ma ban gama kallonsu ba."

Rabin nan kuwa, na wata amarya ce a Kassala da aka ɗaga bikinta saboda yaƙi. Uwar amaryar ta aiko cewa ta yafe, a bar shi. Ƙaramar 'yar, mai shekara 15, wadda ta yi shekara guda tana jera wa uwarta kaba, ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, in an yarda ni zan ƙarasa." Na ce kin iya? Ta ce ba ta taɓa yin dagi ba, amma ta ji ƙirgan sau da yawa har tana jinsa cikin barci. Na zauna kwana uku ina kallonta. Ta warware sau biyu, ta yi kuka sau ɗaya. Hannunta ya fi na uwar tsauri, tana jan kaba da ƙarfi, saboda haka daga inda ta karɓa faifan ya ɗan tsuke, duk mai ido zai ga wurin. Ta so ta warware duka ta sake don kada a gane, na hana ta. Na kira uwar amarya na gaya mata yadda yake, hannu biyu ne a jiki, ta ce a kawo haka nan, kuma za ta biya cikon.

Yanzu roƙona ga masu karatu biyu ne. Na farko, cikin mata 7 masu kaya mun samu 5. Biyu sun bar Madani lokacin gudu, lambobinsu ba sa shiga, an ce ɗaya tana Bur Sudan ɗaya ta haura Masar. In kin san kin ba mai faifai ta Mai Wurno kuɗin aiki kafin Disambar 2023, ki aiko wa editan wannan mujalla saƙo, ki faɗi adon da kika zaɓa da launinsa, za a haɗa mu. Kayanki yana nan a naɗe cikin tsohon tob ɗinta. Na biyu, duk wanda ke da faifanta a gida, a Jidda ne ko Kano ko Yamai ko Accra, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, a kusa yadda za a iya ƙirga naɗin, ya turo. Na san aƙalla ado shida da ta yi waɗanda babu samfurinsu a akwatin, yarinyar kuma ta ce in ta ga hoto za ta gwada. Ko ya tsufa, ko miya ta ɓata shi, ko ɓera ya ci bakinsa, a turo.

Allah ya jiƙanki ƙawa, ya sa kin huta, ya haskaka makwancinki, ya raya abin da kika bari. Waɗanda suka kira da waɗanda suka aiko da gaisuwa daga Kassala, Kosti, Damazin da Unguwar Hausawa ta Gadarif, na gode, Allah ya bar zumunci.

An shuka karan dafin bana a bayan gidan kafin ta kwanta, ya kusa isa yanka. Na yi wa yarinyar alkawarin buhun kaba mai kyau daga nan, mai laushi, ba irin wadda uwarta ta yi mini faɗa a kai ba. In akwai mai lorin da zai bi ta Sinnar cikin makon nan, ya neme ni.